Tabarmar da Aka Kasa Naɗewa

Jikata ce ta tono mini wannan magana, ba da niyya ba. Muna zaune a falo, can saman dogon benen da ɗana yake haya a unguwar Danau Kota, cikin Kuala Lumpur, ni ina shafa wa gwiwata man zafi, ita kuma tana haddar darasin tarihi da ƙarfi kamar mai tallar gyaɗa. Sai na ji ta ce comitia, ta sake maimaitawa, tana karya kalmar yadda ta ga dama. Na ce, "Amarya, ba haka ake faɗa ba." Ta ɗago kai tana dariya, wai ina Kaka ya san Latin. Na ce mata tun ubanta bai zo duniya ba aka bugi tafin hannuna a kan wannan kalma. Taron mutanen Rum ne na dā, inda jama'ar gari ke haɗuwa su zaɓi shugabanni, su kafa doka, su yanke wa mai laifi hukunci. Kalma biyu aka haɗa, com wato tare, da ire wato tafiya. Tafiya tare ke nan, ko ka ce zuwa tare. Ta rubuta a gefen littafinta, sannan ta ce da irin salon maganar yaran Malesiya, "Kamar guruf ɗin su Abba lah, Kaka. Jiya ma sun yi zaɓe a waya, sun cire wannan Bakatsinen mai tsokanarka." Hannuna ya tsaya cak a kan gwiwa. Tun daga lokacin raina yake a ɓace, kuma har yanzu da nake wannan magana bai sauka ba.

Ni ɗan bakin fadama ne, can ƙasar Haɗeja, ƙauyen da ko na faɗi sunansa ba wanda zai gane. Tabarya ce ke tashinmu da asuba. Gidan liman za a fara daka, gidanmu ya amsa, na gaba ya karɓa, kafin ka wanke ido gari ya ɗauki lugude. Da damina kwaɗi ba sa barin mutum ya ji maganar ɗan'uwansa. Da kaka mu samari muna kan 'yar rumfar kara a tsakiyar shinkafa, muna jan igiya mai gwangwanaye muna korar tsuntsayen jan-baki har murya ta dushe. Kakata, uwar mahaifina, ita ce mai bandar kifi a gidanmu, ƙaurin hayaƙinta ya kama rigunanmu har a makaranta ana gane mu da shi ana yi mana tsiya. In ta aike ni gidan wani na ce ai zan gamu da ɗansu a rijiya in ba shi saƙon, sai ta ɗaga muciya ta ce, "Ka je da ƙafarka, malalaci. Zumunta a ƙafa take." A nan kuwa abin da ke tashina ƙarar lif ce da injin wanki na maƙwabta. Na zo neman maganin gwiwa na zauna, shekaru sun tura, amma mutumin da bangonmu ɗaya da shi ban san ko yana da rai ba sai in na ga takalmansa a ƙofa.

A bayan garinmu akwai wani babban tabki. In ruwa ya janye bayan damina sai sarkin ruwa ya rufe shi, ba mai jefa homa, ba mai kafa ƙugiya, har ranar da zai sa a buga ganga a buɗe su, wato kamun kifi na gayya, gari duka a faɗa ruwa lokaci guda, mai ƙarfi da marar ƙarfi kowa ya sami rabonsa. Wanda ya shiga kafin ganga ya ci haƙƙin kowa da kowa, kuma mafi girman hukuncinsa shi ne a ƙaurace masa. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Ba duka, ba ɗauri, ba a korarka daga gari. Kawai matarka za ta haihu ka shimfiɗa tabarmi ba wanda zai zo suna. Ka kira gayya gonarka ka tsaya kai kaɗai da fartanya. In an yi maka mutuwa za a binne, don wannan haƙƙin Allah ne, amma daga kabari kowa ya kama hanyar gidansa. Na san mutumin da aka yi wa haka a wani gari kusa da mu, kafin damina ta zagayo ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar.

Saboda nauyin abin, dattawanmu ba sa yanke shi a zaure ko a bakin kasuwa. Akwai wata tsamiya a gabashin masallaci, nan ake taruwa bayan la'asar. Kowane magidanci ya ɗauko tabarmarsa ta kaba ya taho da ƙafarsa. Ba aike, ba "wane ya ce in ce". Wanda bai zo ba, ba shi da magana, ko da shi ne mai arzikin gari. Mai keke ɗaya da muke da shi ma, can nesa yake jingine kekensa ya ƙaraso a ƙasa. Wanda ake tuhuma shi ke zama a tsakiya, a kan tabarmarsa, da babban ɗansa namiji a gefensa, don abin da za a yanke har ɗan zai shafa. A ji ta bakin masu ƙara, a ji ta bakinsa. In magana ta kai ga ƙauracewa, ba ɗaga hannu ake yi ba. Wanda ya ga lallai a ƙaurace masa, shi zai tashi ya tako har tsakiyar fili, mai laifi ya miƙe ya ba shi wuri, ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya miƙa masa ita yana kallon idonsa. In an naɗe, magana ta ƙare. In rana ta faɗi ba a sami mai naɗewa ba, sai a nemi wani hukuncin.

Na san wannan ba don an ba ni labari ba. Na zauna a kan irin wannan tabarma, ina saurayi, gemu ya fara tsiro mini, na dawo hutu daga makarantar kwana. Kakata ce ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ta ƙi fura. Wata safiya ta buɗe ido ta ce romon ɗanyar tarwaɗa take so, ta tabkin nan, ba busasshiya ba. Ganga kuwa da saura. Mahaifina ya ɗauki homarsa rana tsaka, mata na wanki a bakin ruwa suna kallonsa, ya shiga ya kamo abin da zai isa tukunya ɗaya ya fito. Ta sha romon. Kafin magariba gari ya ɗauka. Wanda ya fi kowa zafi maƙerin garinmu ne, ƙaton mutum mai murya kamar tsawa, wanda gidansa ke kallon namu. A maƙerarsa ya rantse cewa in ba a naɗe tabarmar mahaifina ba, shi ma gobe zai shiga ruwa, kowa ma ya shiga, a ga ƙarshen tabkin. Kuma gaskiya ce yake faɗa, shi ya sa mutane suka bi bayansa. A kowane zaure an riga an gama da mu tun kafin a taru.

Ranar taro ni na ɗauki tabarmar. Muka zauna a tsakiya, jama'a sun kewaye mu, ina jin ƙaiƙayin kabar a cinyata, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da aka ba mahaifina magana na yi zaton zai roƙi gafara. Ina! Cewa ya yi, "Na shiga. Uwata ce ta nema. In gobe ta sake nema zan sake shiga." Wuri ya ɗauki guna-guni, ni kuwa na ce a raina shi ke nan, tsohon nan ya kashe mu. Sarkin ruwa ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce, "To, kun ji. Wanda ya ga a ƙaurace masa, ga tabarma nan." Waɗanda suka cika zaure da baki jiya, kowa ya shiga wasa da ƙasa da yatsa. Sai maƙeri ya miƙe. Ya tako a hankali, ina jin ƙarar takalminsa na fata, ya zo ya sunkuya ya kama gefen tabarmar daidai ƙafata. Na ga tabon wuta a bayan hannunsa, na ji warin gawayi a rigarsa. Mahaifina ya dafa ƙasa zai tashi, ya taɓa kafaɗata ya ce, "Tashi, ɗana, ka ba baffanka wuri." Maƙeri ya ɗago kai suka haɗa ido. Mutumin nan shi ya ƙera mini fartanyata ta farko, kuma kakata ce ta yanke cibiyar 'ya'yansa duka. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya saki tabarmar ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Zauna. Wallahi ba da hannuna ba." Ya koma wurinsa, ba wanda ya sake tashi.

Kada wani ya ɗauka an yafe. An hana mahaifina shiga su na wannan shekara, aka kuma ɗora masa yashe rijiyar masallaci shi da ni. Ranar da aka buga ganga gari duka na cikin ruwa ana ihu, shi yana tsaye a bakin gaɓa hannu a baya, mutumin da ba a taɓa fin sa kamu ba. Na ga abin ya ci shi. Amma da kakata ta rasu, zaurenmu bai ɗauki masu ta'aziyya ba, kuma maƙeri ne ya fara shiga ramin kabarinta. Liman ya faɗi wata magana a lokacin da ta zauna mini har yau. Ya ce baki arha gare shi, kowa na iya yanke wa mutum hukunci daga ɗakinsa, shi ya sa magabata suka ce sai an tako.

Da na koma makaranta, malaminmu na Latin, wani dogon ɗan Saliyo mai farin takalmi da rula a hannu, ya rubuta comitia a allo ya raba ta gida biyu. Ya ce mutumin Rum ko gonarsa na nesa da birni, in yana so a ji muryarsa sai ya bar aikinsa ya taho da kansa, ba a aiko da ƙuri'a. Har wata siririyar gada ta katako suke bi ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya ba da tasa. Ban ce Rumawa mutanen kirki ba ne, shi kansa malamin ya ce muryar masu dukiya ta fi ta talaka nauyi a wasu tarukan nasu. Amma da ya ce tare, ya ce tafiya, ni maƙeri kawai nake gani yana takowa. Na yi nisa a tunani har malamin ya kira ni ban ji ba, a nan na sha rula.

To, ga abin da 'ya'yanmu masu digiri suka yi a Kuala Lumpur. Da Babbar Sallah ƙungiyar 'yan Arewa ta haɗa hannu aka sayi sa, aka yanka a filin wani ƙaramin masallacin unguwa, irin wanda suke kira surau. Al'adarsu a ba wa mafi tsufa kai da ƙafafu, kuma mafi tsufa ni ne. Wanda aka ɗora wa rabon nama wani ɗalibi ne Bakatsine, yana digirinsa na uku, matarsa da tsohon ciki. Kowa ya san tsakanin Bakatsine da Bahaɗeje sai wasa, tun kakanni. Shi kaɗai ne a cikinsu ya san wannan, in ya gan ni sai ya ce, "Baba, yaushe za ka biya ni kuɗin fansarka?" ni kuma in ce masa bawa ba ya tambayar ubangijinsa. Wallahi shi ke sa ni dariya a ƙasar nan. Ranar yankan daktocinmu sun tsaya da fararen kaya suna ɗaukar hoto, ba wanda ya iya fiɗa. Wasu 'yan Indunusiya biyu masu dakon nama a kasuwar Chow Kit su suka yi aikin, cikin rana, har suka gama. Sai yaron nan ya ɗauki kai da ƙafafun ya ba su kyauta, ya ce cikin raha, "Ina ruwan Bahaɗeje da kan sa? Ku nemo masa kifi." Da ina wurin da na rama, da an yi dariya an wuce. Ina gida gwiwa ta hana ni fita. Wani ya ɗauki maganar a waya ya saka a guruf, wai an ci mutuncin dattijo.

Ranar da jikata ta gaya mini an cire shi, da ɗana ya dawo daga jami'a na tare shi tun bai cire takalmi ba, don shi ne shugaban ƙungiyar. Na ce, "Me kuka yi wa yaron nan?" Ya ce, "Baba, jama'a ce ta yanke. Kowa ya jefa ƙuri'a, masu rinjaye suka ce a cire shi, kuma kada a halarci sha'aninsa sai ya nemi gafara." Na ce a ina aka taru. Ya ce a waya. Na ce, "Na ji a waya. Ina nufin suna ina lokacin da suke yankewa? Wani na kan gado, wani na shan shayi a mamak, shagon abincin Indiyawan nan, wani ma yana banɗaki, ya dangwala yatsa ya ci gaba da abin da yake yi. Shi yaron an ji ta bakinsa?" Ya ce an cire shi kafin a fara, don kada a yi ta cacar baki. Na ce, "Ni fa, da aka ce an zaga, wa ya tambaye ni?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, don mutuncinka aka yi." Kai, wannan magana ta ƙona mini rai. Ni da haƙorana suka ƙare, me zan yi da kan sa? Na ce masa ya san labarin tabarmar kakansa, tun yana zama a cinyata nake ba shi. Ya ce, "Baba, wancan zamani daban. Nan kowa na da aji, kowa na da aiki, ba a iya tara mutane." Na ce ai an iya tara su ranar rabon nama.

Ba a jima ba matar yaron ta haihu, mace. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya a waya yana gayyatarsu suna, suna karantawa suna yin shiru. Shi a zatonsa fushin ya tsaya a guruf, bai san an yi yarjejeniya a kansa ba. Ranar suna da sassafe na ɗauki sandata na fita ban gaya wa kowa ba. Gidansa tsallaken titi ne, bayan jerin kantuna, amma da irin gwiwata tafiya ce. Na ƙi hawa mota da gangan. Ina tafe ina hutawa a bakin kantin wani Ba'indiye, ina zagin ɗana a zuci, ina zagin waya da wanda ya ƙirƙiro ta. Da na isa na tarar ya aro tabarmi daga surau ya shimfiɗe falo, ya shimfiɗa har baranda, ya jera ruwan roba a kowace kusurwa. Wata maƙwabciyarsu 'yar Malesiya ta taya su suya, ƙamshin waina ya cika gidan. A kan duk tabarmin nan mutum biyu ne zaune, 'yan Indunusiyan nan, sun ɗaura zannuwansu masu tsabta, sun kawo ledar ayaba. Yaron ya taso ya riƙe hannuna ya ce, "Yau Bahaɗeje ne babban baƙona? Lallai Katsina ta faɗi." Ya yi dariya, amma idonsa na kan ƙofa. Muka jira. Duk lokacin da lif ta yi ƙara sai ya miƙe. Da rana ta ɗaga na ce masa kada mu bar yarinya ba suna, ni na yi addu'a, ni na faɗi sunan, mutum uku suka ce amin. Daga cikin ɗaki ina jin mai jego tana tambayar maƙwabciyar ko matan sun fara zuwa.

Can wajen hantsi sai ga ɗana, matarsa ta turo shi nemana. Ya tsaya a ƙofa ya ga tabarmi fayau, ya ga kulolin abinci ba a buɗe ba. Ya yi barka a daburce. Yaron ya riga ya fara tattara ruwan roba. Ɗana, don ya rasa inda zai sa kansa, sai ya sunkuya wai zai taya shi aiki, ya kama gefen babbar tabarmar falo zai naɗe. Na ɗora sandata a kanta. Na ce, "Naɗe mana. Ai kai ne shugaba. Amma ka ɗago kai ka kalle shi tukuna." Ya gane. Na ga lokacin da ya gane. Ya tsaya a sunkuye riƙe da gefen tabarma, bai naɗe ba, bai saki ba, ya kasa ɗago kai. Ni kuwa ina jira in ji ya faɗi abin da maƙeri ya faɗa. Yaron ne ya matso ya zare ta daga hannunsa a hankali ya ce, "Bari, Dakta, kada ka ɓata kayanka. Ta masallaci ce, zan mayar kafin azahar." Ya durƙusa ya naɗe ta da kansa, ya naɗe ta biyu, ya naɗe ta uku, muna tsaye muna kallo.

Ɗana ya mayar da ni gida a mota. Kafin la'asar jikata ta shigo da gudu ta ce Abba ya mayar da Bakatsine cikin guruf, mutane sai turo barka suke yi da hoton furanni, har da wanda ya fara kai ƙarar. Ta ce, "Kaka, ka ji daɗi yanzu?" Na ce mata ta je ta ci gaba da haddarta. Da yatsa suka fitar da shi, da yatsa suka mayar, ba wanda gwiwarsa ta yi ciwo. Suna kuwa sau ɗaya ake yi. In yarinyar nan ta girma ta tambayi uwarta su wa suka zo sunanta, za a ce mata wani tsoho mai sanda, da masu dakon nama biyu da ba sa jin Hausa.